"Ni da Allahna ne": shin mai bi zai iya riƙe bangaskiya ba tare da ikkilisiya ba?

Tambayar da ake ta kai ruwa rana a kanta ita ce wannan, mutum ya ce ya ba da gaskiya ga Yesu, yana addu'a a ɗakinsa safe da yamma, yana karanta Littafi Mai Tsarki, ba ya cin haƙƙin kowa, amma ya ce shi kam ya yi sallama da zuwa coci, tsakaninsa da Allahnsa ne kawai. To wannan mutumin ja da baya ya yi, ko kuwa shi ne ma ya gane abin, mu muna ta ɓata tafin takalmi?

A da irin wannan magana sai dai a yi ta ƙasa-ƙasa, don kar ta kai kunnen dattawa. Yanzu kuwa matashi zai faɗa maka ita ido cikin ido a Jos ko Kaduna ko Yola, har ya kawo maka aya. Shi kuma fasto in ya ji sai ya hau bagade ranar Lahadi ya kawo tasa ayar, kowa ya ja tunga. Ni dai abin da na lura shi ne yawancin masu wannan gardama ba abu ɗaya suke nufi ba in sun ce "coci", shi ya sa ma ba sa taɓa haɗuwa a tsakiya.

Coci, majami'a, ikkilisiya: ba abu ɗaya ba ne fa

Coci kalma ce da muka aro daga Turanci, kuma muna cusa mata komai, gini coci ne, ɗarika coci ce, taron Lahadi ma coci ne. Majami'a ita ce ginin, wurin da ake taruwa. Ikkilisiya kuwa daga Helenanci ta zo, kuma asalinta ba ma kalmar addini ba ce, taron jama'ar gari ne da aka kira don a tattauna wata magana. In ka buɗe Ayyukan Manzanni sura 19 inda maƙeran azurfa suka tayar da tarzoma a Afisa saboda Bulus yana kashe musu kasuwar gumaka, wannan cincirindon da aka tara, a Helenancin da aka rubuta littafin da shi kalmar nan ce dai aka yi amfani da ita. Wato ikkilisiya mutane ne da suka taru, babu bulo babu kwano a cikin ma'anarta.

Masu bi na farko ma ba su da gine-gine irin namu. A gidaje suke haɗuwa, Bulus yana gaida ikkilisiyar da ke taruwa a gidan Bilkisu da Akila a Romawa 16. Sai bayan shekarar 313 da sarki Kwanstantin ya ba Kirista 'yancin yin addininsu a daular Roma manyan gine-gine suka fara yawaita. Mu ma nan haka aka fara, sujadar farko da 'yan mishan ɗin da suka kafa tushen EYN (Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya) suka yi a Garkida a watan Maris na 1923 a gindin tsamiya aka yi ta.

Saboda haka wanda ya ce "Allah ba ya zama a cikin gini" gaskiyarsa, Istifanus ma ya faɗi haka kafin a jejjefe shi. Amma fa wannan amsa ce ga tambayar da ba a yi ba. Ba a tambaye ka gini ba, mutane aka tambaye ka. Su wa ka sani, su wa suka san ka, wa zai lura in ka ɓace sati uku?

Sai kuma kalma ta huɗu, zumunta, ko tarayya. Ita ce a Ayyukan Manzanni 2:42 inda aka ce masu bi suka nace wa koyarwar manzanni da tarayya da gutsuttsura gurasa da addu'a, har aka ci gaba da cewa suna sayar da kayansu suna raba wa mabukata. A Helenanci koinoniya ake ce mata. Wani abin dariya, akwai sanannen taron nan na mai wa'azi Joshua Selman da ya faro daga Zariya mai wannan sunan, dubban mutane suna kallonsa a waya kowa shi kaɗai a kan katifarsa da abin ji a kunne, suna kallon "zumunta" ba tare da sun yi zumunta da kowa ba. Ba laifin taron ba ne, yadda zamani ya zo kenan.

Ita kuma ibada ta kai da kai fa?

Nan ne masu "ni da Allahna" suke da ƙarfi, kuma bai kamata a raina musu ba. Yesu da kansa a Matiyu 6 ya ce in za ka yi addu'a ka shiga ɗaki ka rufe ƙofa, ka roƙi Ubanka da ke gani a ɓoye, kar ka zama kamar munafukai masu son tsayawa a majami'u da kan hanya don a gan su. Markus 1:35 ya nuna shi yana tashi da asussuba tun da sauran duhu ya tafi inda ba kowa don yin addu'a. Ga matar nan Basamariya a bakin rijiya ya ce lokaci na zuwa da ba a kan dutsen nan ba kuma ba a Urushalima za a yi sujada ba, sai dai cikin ruhu da gaskiya.

Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, akwai mutanen da tun suna Sande Sukul ba su taɓa fashin coci ba, suna kwaya, suna kwamitin gini, suna da kujerarsu da kowa ya sani, amma in ka raba su da taro babu abin da ya rage, ba su iya minti biyar su kaɗai a gaban Allah ba. Coci ta zame musu kamar ƙungiyar 'yan gari ɗaya, wurin gaisawa da nuna sabon ɗinki. Irin waɗannan su ne hujja mafi girma a hannun wanda ya zauna a gida, don yana ganinsu ranar Litinin a kasuwa yana ganin abin da suke aikatawa.

Ikkilisiyoyin bishara irin su ECWA da COCIN ma ai tun asali a kan wannan suka tsaya, cewa haihuwa a gidan Kirista ba ta sa ka zama Kirista, sai kai da kanka ka tuba ka karɓi Yesu, shi ya sa ba sa yi wa jarirai baftisma, sai ka yi wayo ka shiga aji ka furta da bakinka. Wato su suka koya mana cewa bangaskiya abu ce ta mutum shi da kansa. Yanzu 'ya'yansu sun ɗauki rabin darasin sun bar rabi.

Don kuwa shi wannan Yesun da ke keɓewa a kan dutse, Luka 4:16 ya ce ya shiga majami'a ran Asabar kamar yadda ya saba. Majami'ar da a ranar nan ma mutanenta suka so su tunkuɗa shi daga kan dutse. Addu'ar da ya koyar bayan ya ce a shiga ɗaki a yi a ɓoye kuma da "Ubanmu" ta fara, "ka ba mu", "ka gafarta mana", ko kai kaɗai ne a ɗakin da bakin jama'a kake magana.

Me ya sa maganar ta yi ƙarfi yanzu

Ruwa dai ba ya tsami banza. Abu na farko korona ce. A ƙarshen Maris na 2020 aka kulle Legas da Ogun da Abuja, Kaduna ma ta rufe nata, jihohi suka bi, aka hana taron masallaci da na coci. Ista ta shekarar, 12 ga Afrilu, da yawa a falo suka yi ta. Fastocin da suka shekara suna cewa wanda bai zo coci ba ya yi zunubi su ne suka koma suna cewa ku zauna a gida Allah yana ko'ina, ga lambar asusu ku turo baiko. Da aka buɗe wasu suka ce to in Allah ya karɓi sujadarmu ta falo wata uku me ya hana shi ci gaba da karɓa? Tambaya ce mai kyau kuma ban ji an amsa ta yadda ya kamata ba, tsawa kawai aka yi ta yi.

Na biyu waya. Sujada daga nesa ba sabon abu ba ne, iyayenmu sun saurari shirye-shiryen Hausa na rediyon ELWA daga Laberiya da na Muryar Bishara da ake haɗawa a Jos, amma rediyo tana da lokacinta, in an gama an gama, kuma sau da yawa ma a taru ake saurare. Yanzu kuwa da data ta ɗari biyar kana da zaɓin masu wa'azi na duniya gaba ɗaya a YouTube da Facebook. Addu'ar safiya ta intanet ta Fasto Jerry Eze da ta fara a 2020 mutane nawa ne ke binta kafin su fita aiki? To ka kwatanta wannan da faston ƙauyenku da ke wa'azi da lasifika mai ƙara, wanda wata biyu ba a biya shi albashi ba. Ba za su yi gasa ba. Sai dai mai wa'azin waya bai san sunanka ba, kuma in ka ji ya fara taɓo inda ke maka ƙaiƙayi dannawa ɗaya ka wuce shi.

Na uku kuɗi, kuma nan ne ciwon yake. A ƙarshen 2017 ɗan rediyon nan na Legas Daddy Freeze ya tayar da ƙura a kan zakka, wato ɗaya bisa goma na abin da mutum ya samu da ake kai wa coci, yana cewa ba dole ba ce ga Kirista, manyan fastoci suka yi masa ca. Ko ka yarda da shi ko ba ka yarda ba, ya buɗe bakin mutane da yawa. Talaka ya zo sujada da ɗari biyu a aljihu, a yi baiko na farko, a yi na biyu, ga zakka, ga kuɗin gini, ga na motar fasto, ga ambulan na godiyar kaka, ga gasar maza da mata wa zai fi bayarwa, a wasu wuraren har a kira suna da adadi a gaban jama'a. Mutum mai kunya da ba shi da shi sai ya ga gara ya zauna a gida da a gan shi zaune kowa na rawa zuwa gaban kwano. Ba zai ce maka talauci ne ya hana shi ba, zai ce maka shi da Allahnsa ne. Wasiƙar Yakubu sura 2 ta riga ta yi maganar nan tuntuni, mai zoben zinariya a ba shi kujerar gaba, matalauci a ce ya tsaya can.

Na huɗu horo. Wanda bai tashi a cikinmu ba ba zai gane nauyin kalmar nan ba. A sa mutum ƙarƙashin horo yana nufin a sanar a gaban ikkilisiya, a hana shi Jibin Ubangiji (gurasa da ƙoƙon da ake rabawa don tunawa da mutuwar Yesu) da duk wani aiki, a wasu wuraren a ba shi bencin baya na wata shida ko fiye. Manufar a Matiyu 18 ita ce a dawo da ɗan'uwa, kuma a fara da magana tsakaninku biyu kafin a kai ga jama'a. Amma a aikace wa ake horo? Yarinyar da ciki ya fito. Wanda ya yi cikin yana nan yana kaɗa jita, mai kuɗin da kowa ya san ya ci kuɗin marayu yana nan a kujerar gaba. Na san wata 'yar'uwa a wata ikkilisiya da na zauna da aka hora saboda ciki, ta yi wata shidanta a bencin baya ba ta yi fashi ko sau ɗaya ba, ranar da aka karɓe ta aka tafa, daga wannan Lahadin ba ta sake taka ƙafa ba. Da na je gaishe ta sai ta ce "Ɗan'uwa, na biya bashin da suke bina, yanzu saura ni da Allah." Ban samu abin ce mata ba, ni ma ina cikin waɗanda ba su taɓa zuwa sun zauna kusa da ita a bencin ba.

Akwai kuma ƙabilanci, zaɓen dattawa ya koma na wace ƙabila ta fi yawa, a ƙi fasto don ba ɗan gida ba ne, da siyasa da ta hau bagade lokacin zaɓe. Wannan kowa ya sani ba sai an tsawaita ba.

Abin da kowane ɓangare ke riƙe da shi

Masu cewa dole ne a taru ayarsu ɗaya ce da kowa ya haddace, Ibraniyawa 10:25, kada mu bar yin taronmu yadda waɗansu suka saba. Matsalar ita ce an mai da ita bulala. In ka karanta daga aya ta 24 za ka ga dalilin taron, don mu kula da juna, mu zuga juna ga ƙauna da aikin kirki, mu ƙarfafa juna. To in mutum ya zo taron shekara biyar ba wanda ya kula da shi ba wanda ya ƙarfafa shi, wa ya fara karya ayar, shi ko mu?

Duk da haka hujjarsu ba a nan ta tsaya ba. Akwai abubuwan da ba sa yiwuwa mutum shi kaɗai ko da ya so. Ba ka yi wa kanka baftisma. Jibin Ubangiji ci ne tare. Galatiyawa 6:2 ta ce ku ɗauki nauyin juna, Yakubu 5 ya ce mara lafiya ya kira dattawan ikkilisiya su yi masa addu'a, 1 Korantiyawa 12 ta ce ido ba shi da ikon ce wa hannu ba na bukatarka. Yafiya ma, wa za ka yafe wa in ba ka zauna da wanda zai ɓata maka rai ba? Haƙuri a ɗaki kai kaɗai ai ba wuya.

Gardamar nan kuma ba yau aka fara ta ba, kuma a Afirka ma aka fi yinta. Antoni na Masar, wanda ya rasu a 356, ya bar dukiyarsa ya shiga hamada shi kaɗai shekara da shekaru yana neman Allah, ikkilisiya kuma ba ta ce ya ɓata ba, girmama shi ta yi. Amma abin da ya faru, mutane suka bi shi hamadar, ƙarshenta sai da ya zama malamin jama'a. A zamanin ne Bakomiyus, shi ma a Masar, ya ga cewa gara masu keɓewar su zauna tare da doka ɗaya. Basil na Kaisariya kuma ya yi wa masu zaman kaɗaici tambayar da har yau ban ji amsarta ba, cewa in kai kaɗai kake zaune ƙafar wa za ka wanke? Kafin su duka akwai Sifiriyan bishop na Kartaj, a Tunisiya ta yau, wanda aka kashe a 258, shi ya ce wanda ikkilisiya ba uwarsa ba ce Allah ba zai zama Ubansa ba. Magana mai zafi, ni kaina ba zan iya faɗinta kai tsaye haka ba, don ɓarawon da aka gicciye tare da Yesu bai taɓa riƙe katin mamba ba.

Ɗariku ma ba bakinsu ɗaya ba. A Katolika zuwa Mas ranar Lahadi wajibi ne a dokar ikkilisiya sai da babban uzuri kamar ciwo, lokacin korona ma sai da bishop-bishop suka ɗage wajibcin, kuma kallo a talabijin ba ya zama madadin karɓar jibi. 'Yan Furotesta tun daga Martin Luta a 1517 suka nanata cewa kowane mai bi yana da hanya kai tsaye zuwa ga Allah ba sai ta hannun wani ba, amma Luta ɗin bai ce a watse ba, ikkilisiya ya gyara. Su kuma 'yan Fentikos da yawansu a falo suka fara, Deeper Life nazarin Littafi Mai Tsarki ne na mutum 15 a gidan Kumuyi, wanda ya kafa ta, a Legas a 1973. Duk wanda ya fita don ya gaji da tsari, in abin nasa ya yi albarka, bayan shekara goma za ka same shi da nasa tsarin da nasa kwamitin.

A arewa maganar ta fi nauyi

Wanda ke Landan ko Amurka yana iya cewa shi da Allahnsa ya kuma zauna lafiya, gwamnati na nan, inshora na nan. Mu nan ikkilisiya ba wurin wa'azi kawai ba ce tun farko. 'Yan ƙungiyar mishan ta SIM da suka sauka a 1893, Gowans da Kent da Bingham, biyu sun mutu cikin shekara guda, amma abin da ya biyo baya tashoshi ne masu makaranta da ɗakin shan magani da wurin kula da kutare. Ƙungiyar mishan ta SUM ta fara a Wase a 1904, Gindiri ta zama garin makarantu. Likita Miller na CMS, mishan ɗin Angilika, ya zauna a Zariya, daga baya aka koma Wusasa, shi ne kuma kan gaba a aikin da ya fitar da Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa a 1932. A Nijar asibitin Galmi tun 1950 yake aiki. Hausar nan ta coci ita ta haɗa Birom da Bajju da Tangale da Bura da Angas da Bachama a benci ɗaya suna waƙa ɗaya, sunayen ma su faɗa maka, Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, Haɗaɗɗiyar Ekklesiyar Kristi, Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi da aka kafa a 1955. 'Yan'uwa, haɗaɗɗiya, tarayya, babu "ni kaɗai" a ciki.

Ka dubi abin da ya sami EYN. 'Yan matan Chibok da aka sace a Afrilun 2014 yawancinsu 'ya'yanta ne, a ƙarshen Oktoban shekarar Boko Haram ta mamaye hedkwatarta a Kwarhi kusa da Mubi, shugabanni suka koma Jos na ɗan lokaci, majami'u da yawa sun ƙone. Gini ya tafi, amma mutanen da suka gudu Yola da Jos da Abuja da Kamaru ina suka dosa? Gidajen 'yan'uwa masu bi da harabar coci. A sansanin gudun hijira ma sun ci gaba da sujada da zumuntar mata. Haka a Zinder da Yamai a Janairun 2015 da aka ƙona majami'u. Waɗannan su suka fi kowa sanin cewa ikkilisiya ba gini ba ce, kuma su ne ba za ka taɓa ji sun ce ba sa bukatarta ba.

Zumuntar mata kuwa a bar ta kawai. Matan nan masu zane iri ɗaya da tulu da caki, su ne asibiti su ne banki su ne kotu. Mace ta haihu su ne da ruwan zafi da sabulu, an yi rasuwa su ne a bakin murhu kwana uku, miji ya addabi matarsa uwar zumunta ce za ta je ta zaunar da shi ta ce "Ɗana, abin da kake yi bai dace ba" ya kuma sunkuyar da kai. Bahaushe ya ce zumunta a ƙafa take, su kam sun ɗauki maganar yadda take.

Amma akwai wani rukuni da ya kamata masu bulalar Ibraniyawa su tuna da su, wanda ya ba da gaskiya a inda fitowa fili zai raba shi da iyali ko ma ya jefa ransa cikin haɗari, da ma'aikacin da aka tura garin da babu coci kusa, da tsohuwar da ƙafa ta ƙi, da mai gadi da nas masu aikin Lahadi. Waɗannan ba ƙin taro suka yi ba, rasa shi suka yi, kuma in ka zauna da su za ka ji yadda suke ƙishinsa. Su ne Matiyu 18:20 ta fi yi wa amfani, inda biyu ko uku suka taru. A lura dai, biyu ko uku aka ce.

Abin da zai biyo baya ga mutum da gidansa

A shekarar farko wanda ya bar zuwa ba ya jin komai sai sauƙi, barcin Lahadi, ba gulma, ba ambulan. Abin yana fitowa ne a hankali. Na farko ita kanta ibadar ɗakin da aka fita dominta, a abin da na gani da idona, ba kasafai take daɗewa ba. Addu'ar safe ta koma ta minti biyu, karatu ya koma ayar da wani ya ɗora a WhatsApp, ba don mutumin mugu ba ne, don dai babu wanda zai tambaye shi. Itace ɗaya in ka zare shi daga murhu zai ɗan ci gaba da ci kafin ya koma hayaƙi. Ga kuma haɗarin koyarwa, wanda ba shi da wanda zai ce masa "a'a ba haka ayar take nufi ba" shi ne abincin masu sayar da man shafawa da ruwan mu'ujiza a intanet, ya gudu daga baikon ɗari biyu ya faɗa hannun mai neman dubu hamsin na "shuka iri". Iliya ma da ya keɓe a kogo ya fara ganin shi kaɗai ne mai gaskiya da ya rage, sai da Allah ya tuna masa akwai mutum dubu bakwai.

Sai yara. Uba yana da abin da ya tara tun daga Sande Sukul da ƙungiyar samari ta Boys' Brigade da ta ɗalibai Kirista (FCS) a makaranta, yana ci daga tsohon rumbu. Yaran da ya tashe su a falo ba su da rumbun.

Sai kuma takarda, abin da ba a so a faɗa. Ranar aure za a nemi katin baftisma da wasiƙa daga ikkilisiyarka. Neman gurbi a makarantar mishan ko ta tauhidi, wasiƙar fasto. Ranar mutuwa kuma, nan ne ake kuka biyu, iyali su zo neman fasto ya yi jana'iza a buɗe rajista a ce ba a san shi ba, ko a ce sai an biya bashin kuɗin mamba na shekaru. Ni wannan ɗabi'ar ban yarda da ita ba ko kaɗan, gawa ba ta da bashin coci, kuma masu makoki ba ranar da za a koya musu darasi ba kenan. Amma tana faruwa, kuma matar da 'ya'yan ne ke shan kunyar ba mamacin ba.

Ita ma ikkilisiyar tana asara, kuma ba ta baiko nake nufi ba. Waɗanda ke fita sau da yawa su ne masu tambaya, masu cewa ina rahoton kuɗi, me ya sa aka hori wance aka bar wane. In duk suka tafi sai a bar masu "amin" kaɗai, shugabanni su ƙara sakewa, abin da ya kori na farko ya kori na biyu.

Ga wanda ke tsakiya, ya gaji amma bai yanke ba, barin wata ikkilisiya daban yake da barin ikkilisiya gaba ɗaya. In inda kake ana tatsarka ko ana wulaƙanta ka, ba a ɗaura maka aure da ginin ba, nemi wata, ko ƙarama ce, ko ta gida ce mai mutum goma, muddin akwai wanda zai iya gaya maka gaskiya kai ma ka gaya masa. Su kuma dattawa, kafin a karanta sunan mutum a cikin waɗanda suka ja da baya, a duba littafin ziyara a ga yaushe rabon da wani ya taka zuwa gidansa ba don karɓar kuɗin gini ba. 'Yar'uwar nan da na ba ku labari, bayan kusan shekara biyu wata tsohuwa 'yar zumunta ta fara zuwa wurinta duk Alhamis da yamma, ba ta taɓa ce mata ki dawo ba, sai dai ta ce "'Yata, kawo Littafin ki karanta mini, idona ba ya gani sosai." Har yanzu ba ta koma cocin ba. Amma ranar Alhamis yanzu su biyar ne a tsakar gidan, kuma jaririn nan da aka yi horo a kansa shi ke ɗauko musu tabarma.